Wankin Bango da Tsakar Gida a Maraɗi: Yadda Ake Koya wa Yaro Sana'ar Daki-Daki

Ginin siminti ya yawaita a Maraɗi. Daga Ali Ɗan Sofo zuwa Zariya da Burja, ga benaye, ga shaguna masu fuskar gilashi, ga masallatai da aka lulluɓe da karo (tayil), ga tsakar gida da aka shimfiɗa wa pabe (ƙananan bulon daɓe). Iskar hunturu tana rufe su da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu, damina kuma ta bar musu gansakuka da jirwayen laka. Idan sallah ko biki ya matso, mai gida yakan kira yaran da ke wankin mota su zo da injinsu. Nan ake samun ɓarna: fenti ya ɗaye, shafen siminti ya zube, ruwa ya shiga kwantar wuta (mitar lantarki), wani lokaci yaro ya faɗo daga tsani. Jikin mota ƙarfe ne mai santsi da ba ya shan ruwa, bango kuwa yana sha. Saboda haka wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma tsarin koyar da ita shi ne a fara da abin da ba ya kisa, a bar inji da hawa sama zuwa ƙarshe. Wanda bai cika shekara 18 ba, a tsayar da shi a shara da sabulu, kada a damƙa masa asid ko a ɗora shi bisa bene.

Mataki na farko: sanin bango, ba tare da an taɓa ruwa ba

Makonni biyun farko, aikin aparanti, wato yaron da ke koyo, shi ne zagaya gini tare da maigidansa yana faɗin irin bangon da ke gabansa. Gwaji huɗu zai riƙe.

Ya ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma, tun daga gindi har inda hannu ya kai. Amsa mai ƙarfi tana nufin shafen ya kama. Amsa mai ƙwal-ƙwal tana nufin shafen ya rabu da abin da ke bayansa, kuma ruwa mai ƙarfi zai fasa wurin. Wannan gwajin ya fi muhimmanci a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Maradawa, inda gidaje da yawa ginin ƙasa ne aka yi musu rigar siminti. Daga waje sai ka rantse bulo ne. Idan ruwa ya bi tsaga ya shiga bayan rigar, ƙasar ta jiƙe ta kumbura, bayan ƴan kwanaki rigar ta faɗo falle guda. Kaurin bango a bakin ƙofa ko taga yakan tona asiri: ginin ƙasa ya fi na bulo kauri sosai.

Sai ya shafa tafin hannu. Idan hannun ya fito fari fat, ko dai farar ƙasa aka shafa, ko fentin ruwa ne da rana ta cinye ya koma gari. Irin wannan bango wanki ba zai gyara shi ba, sabon fenti yake so, kuma gara a faɗa wa mai shi tun kafin a yi ciniki. Na uku, ya goga jiƙaƙƙen farin tsumma sau goma a wani lungu: idan launi ya hau tsumman, fentin ba zai jure wa buroshi ba. Na huɗu, ya yayyafa ruwa kaɗan ya gani ko bangon zai shanye nan take ko ruwan zai gangara. Mai shanyewa dole a jiƙa shi sosai kafin a sa masa kowane magani, in ba haka ba ya zuƙe maganin zuwa ciki inda ɗauraya ba ta kaiwa.

Bangon ƙasa tsantsa, ko mai yaɓen makuba, ba a wanke shi. Tsintsiya mai laushi ce kawai, sai a duba indararo, a nuna wa mai gida inda yaɓe ke bukatar magini. Marmara da granito ba sa shiri da asid ko kaɗan. Farantan alminiyon masu launi da ake liƙa wa fuskar bankuna da gidajen mai ba sa son asid, ba sa son soda, ba sa son soso mai kaushi. Shafen feshi mai ƙurji-ƙurji yana riƙe ƙura fiye da kowane, kuma ƙurjin yana karkarewa idan aka matsa masa.

Kafin a fara kowane aiki, a ɗauki hoton duk tsaga, fasasshen gilashi da karon da ya ɗaga, a nuna wa mai gida. Rigima mafi yawa a wannan sana'a ta “ai ku kuka fasa” ce.

Mataki na biyu: sanin datti

Ƙura ƙura ce, ruwa da sabulu sun ishe ta. Kore ko baƙin da ke bin ƙarƙashin indararo da gindin katanga, da wurin da ruwan na'urar sanyi ke ɗiga, abu ne mai rai, gansakuka ko fumfuna, kuma sai an kashe shi da jabel, wato ruwan kulorin na wanki. Farin gari mai kama da gishiri da ke fitowa a gindin bango ko tsakanin karo, gishiri ne da danshi ya ɗauko daga cikin siminti ko daga ƙasa. Jan layi da ke saukowa daga ƙarfen taga ko daga kusar tol tsatsa ce. Baƙin tabo a pabe inda ake ajiye mota ko gurup (janareta), mai ne. Kowannensu da maganinsa, kuma maganin wani yana iya ƙara wa wani ƙarfi: jabel a kan tsatsa, alal misali, ƙara kafa ta yake yi.

Yaron ya koyi neman inda dattin ke fitowa. Ruwan saman Maraɗi galibi daga gabas yake tahowa da iska, shi ya sa bangon gabas ya fi cin duka, fentinsa ya fi saurin mutuwa. Idan indararo gajere ne yana zuba a jikin bango, ko tiyon bayan gida yana yoyo a ciki, duk wankin da aka yi zai dawo kafin wata uku. A faɗa da ladabi: “Alhaji, za mu wanke, amma in ba a ƙara wa indararon nan tsawo ba, damina na zuwa baƙin zai dawo.” Mai gida ya fi girmama wanda ya gaya masa haka.

Mataki na uku: shara, ruwa da sabulu

Wajen wata guda ya kamata yaro ya yi a nan, domin mafi yawan ayyukan da za a kira shi a nan suke ƙarewa. Kayan aiki: tsintsiya mai doguwar sanda, buroshin roba mai laushi da mai tauri, bokitin roba biyu, tiyo, soso, robar share gilashi, da leda mai faɗi.

Ana farawa a bushe. A share yana, gidan zanzaro da ƙura daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya zuba ruwa a kan jar ƙurar hunturu ba tare da ya share ba, laka ya kwaɓa, kuma shafen feshi zai shanye jan launin. Idan akwai kashin tantabara ko na jemage a ƙarƙashin rufi, wannan kam ba a share shi a bushe, saboda ƙurarsa tana ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu. A fesa masa ruwa ya jiƙe, a sa takunkumi mai lamba FFP2, a kwashe da shebur cikin leda. A lura da gidan rina da na zuma kafin a kai tsintsiya, musamman idan mutum yana kan tsani.

Bayan shara, a rufe kwantar wuta, soket, fitilun waje da ƙararrawar ƙofa da leda, a ɗaure da salatif. A rufe tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. A janye tukwanen fure, a matsar da dabbobi da kwanon ruwansu.

Omo cikin tafin hannu ɗaya, wajen giram 50, ya ishi bokiti mai lita 10. Yara suna son kumfa mai yawa don mai gida ya ga ana aiki, amma sabulun da ya yi yawa ba ya ɗaurayuwa, yana barin danƙon da ƙura za ta manne wa. A raba bangon gida-gida, kamar mita biyu faɗi, mita biyu tsawo. A jiƙa gidan da wanda ke ƙarƙashinsa, a shafa sabulu daga ƙasa zuwa sama, a goga, a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Dalilin jiƙa na ƙasa shi ne, ruwan datti idan ya gangaro a kan busasshen bango yana zana layin da ba ya fita da sauƙi.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, bango kuma ya fi iskar zafi. Sabulu yana bushewa kafin a kai hannu ga tiyo. Don haka a bi inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da yamma. A lokacin hunturu rana tana karkata kudu, bangon kudu yana wuni cikinta, sai a yi shi da sassafe bayan asuba. Gilashi da farantan alminiyon ma haka, idan sun yi zafin da tafin hannu ba ya iya zama a kai, a jira. A kwarara musu ruwa tukuna ya tafi da yashi, sannan soso mai laushi da ɗan sabulun wanke kwano. Tsumman da ya faɗi ƙasa ba ya komawa kan gilashi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi. Faifan sola ruwa zalla ake sa masa da sassafe, ba inji, ba omo, ba a kuma taka shi. Ruwan sanyi a kan faifai mai zafi yana iya tsaga gilashinsa.

Mataki na huɗu: jabel

Daga nan kayan kariya sun zama dole: tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu ta roba mai kauri da ta kai gwiwar hannu, takalmin roba mai tsawo da wando a bisansa don kada magani ya zuba ciki, da riga mai dogon hannu. Silifa ba takalmin aiki ba ne. A ajiye bido ɗaya na ruwa mai tsabta a gefe, wanda ba a taɓa shi sai don wanke ido ko fata.

Jabel ba ƙarfinsa ɗaya ba, sai an karanta jikin kwalba. Mai digiri 8 ko 9 yana da sinadarin kulorin wajen kashi 2.5 cikin ɗari. Mai digiri 12 kuma wajen kashi 3.6. Gansakuka mara kauri tana mutuwa da haɗi mai ƙarfin rabin kashi ɗaya cikin ɗari: lita ɗaya ta mai digiri 8 cikin lita 4 na ruwa, ko lita ɗaya ta mai digiri 12 cikin lita 6. Baƙin da ya daɗe yana bukatar kashi ɗaya cikin ɗari: lita ɗaya ta mai digiri 8 cikin lita ɗaya da rabi, ko ta mai digiri 12 cikin lita biyu da rabi. Idan garin kulorin da ake kira HTH ake da shi, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, giram 15 cikin kowace lita shi ke ba da kashi ɗaya, rabin haka ya ba da mai sauƙin. A dama shi a bokiti, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Farin guntun da ke ƙasa yana toshe bakin feshi, yana kuma barin hazo a bango. Garin nan ba ya zama kusa da fetur, baƙin mai ko asid, domin yana iya tayar da wuta. Jabel ɗin da ya kwana biyu a rana gaban shago ya riga ya rage ƙarfi, haɗin da aka yi kuma na ranar ne kawai.

A gwada a ɓoyayyen wuri mai faɗin tafin hannu biyu, a jira ya bushe a ga ko launin fenti ya canza. Idan lafiya, a jiƙa bango da ruwa, a jiƙa tsirrai da ke kusa, a fesa haɗin da injin feshi na goyo, a hankali, iska tana bayan mai fesawa. Injin ya zama na wannan aiki kaɗai, ba wanda aka yi feshin maganin ƙwari da shi a gona ba. A ba shi minti 10 zuwa 15. Kore zai koma ruwan ƙasa ko fari. Idan ya fara bushewa kafin lokaci, a ƙara fesa kaɗan. Sai a goga, a ɗauraye har warin ya tafi, a ɗauraye ƙofar ƙarfe da firam ɗin alminiyon sau biyu, don jabel yana cin su.

Abin da ya wajaba yaro ya haddace har ya iya faɗa cikin barci: jabel ba ya haɗuwa da komai sai ruwa. Da asid, ko binegar, ko maganin wanke masai, yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Da fitsari ma yana fitar da iska mai guba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, domin gindin katangar da ke bakin hanya ko bayan tasha kowa ya san abin da ake yi a wurin. A kwarara ruwa mai yawa tukuna, a bar shi ya tsane, sannan jabel.

Mataki na biyar: asid, soda da tabo masu taurin kai

Asid shi ne abin da ya fi ɓata gine-gine a hannun masu gaggawa, saboda yana ba da sakamako nan take, ɓarnarsa kuma sai daga baya. Wurinsa biyu ne kawai: ragowar siminti a kan sabon karo ko pabe, da farin gishirin da ya ƙi fita. Shi ma gishirin, a fara goge shi a bushe da buroshi mai tauri, a kwashe garin. Ruwa narkar da shi yake yi ya mayar da shi cikin bango, ya sake fitowa idan an bushe.

Asid ɗin da ake nufi shi ne kuloridirik, wanda ake samu a shagunan kayan gini. Ruwan batir ba madadinsa ba ne, wani asid ne dabam, yana barin farin tabon da ba ya fita, wanda aka tsiyayo daga tsohon batir kuma akwai dalma a ciki. Haɗi: kashi ɗaya na asid cikin kashi goma na ruwa, wato rabin lita cikin lita 5, a bokitin roba. Ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya asid a hankali. Idan aka juya tsarin, yana zafi ya fantsamo fuska. Ba a fesa asid, da buroshin roba ake shafa shi. A jiƙa wurin sosai, a shafa a mita ɗaya kacal, a bar shi minti biyu zuwa uku yana tsuwa, a goga, a ɗauraye. Daga nan a jiƙa dakakkiyar kanwa cikin tafin hannu biyu a bokitin ruwa, a kwarara a wurin don ta kashe ragowar asid, a sake ɗaurayewa. Idan aka bar asid ya daɗe, yana cinye simintin da ke tsakanin karo, ya ƙone launin pabe, tururinsa kaɗai yana sa ƙofar ƙarfe ta yi tsatsa washegari. Garin neman gira sai a rasa ido. Ranar da aka yi aiki da asid, kada a buɗe jabel a gidan.

Tabon mai, idan sabo ne, a rufe shi da toka, yashi ko garin katako ya kwana, a share. Sai omo mai kauri da ruwan zafi da buroshi mai tauri, sau biyu ko uku. Wanda ya daɗe a kan siminti tsirara ana iya sa masa soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita: giram 200 zuwa 300 cikin lita 10 na ruwan sanyi, ana zuba sodar kaɗan-kaɗan cikin ruwa. Tana cin fenti, tana cin alminiyon, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, kuma ba ta zafi da farko kamar asid, shi ya sa yara ke raina ta. Fetur ba abin wanki ba ne. Ƙara tura man yake yi cikin pabe, ga haɗarin gobara. Tsatsa tana fita da asid oksalik, giram 50 zuwa 100 cikin lita ɗaya ta ruwan ɗumi, amma in ba a kankare ƙarfen da ke zubo ta an yi masa fenti ba, aikin banza ne. Tsohon fentin mai da ke ɓarewa kada a goge shi a bushe, wasu tsofaffin fenti suna da dalma.

Mataki na shida: inji

Ƙananan injinan wuta irin na Kärcher suna ba da ƙarfin bar 110 zuwa 160, suna shan ruwa wajen lita 6 zuwa 8 a minti. Wato awa ɗaya ta feshi tana cin lita 400 da ɗoriya, tano biyu masu lita 200, ko bido 16 zuwa 17 masu lita 25. Wanda zai sayi ruwa wurin ƴan garuwa ya yi wannan lissafi kafin ya faɗi kuɗin aiki.

A injinan da ake canza wa baki, launi yana nuna faɗin feshi: ja digiri sifili, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu. Jan a cire shi daga jakar aparanti baki ɗaya, yana rubutu a jikin siminti, yana huda fata. Kore na pabe da daɓen siminti ne, fari na bango mai fenti mai ƙwari da karo. Ana farawa daga nisan mita ɗaya, a matso a hankali, kada nisan ya yi ƙasa da santimita 30 zuwa 40. Hannu ya riƙa tafiya, kowane layi ya hau kan rabin na baya. Tsayawa wuri ɗaya ko lilo da bindigar shi ke barin zane-zane. A bango, bakin ya kalli ƙasa kaɗan, kada a harba sama ƙarƙashin tol ko cikin tsaga, bakin taga da na'urar sanyi. A pabe a karkata shi, kuma duk da haka yashin da ke tsakani zai fita. Idan wurin ya bushe a zuba sabon yashi mai laushi a share shi cikin ramukan, in ba haka ba pabe zai fara rawa ƙarƙashin taya. Tsohon rufi mai kama da siminti mai tudu-tudu, wanda ake gani a wasu gine-ginen da, yana iya ƙunsar zaren asbestos mai jawo cutar kansa. Ba a wanke shi da inji, ba a kankare shi, ba a taka shi.

Abin da ke kashe inji uku ne. Yashin ruwan rijiya ko na tano yana cinye fanfonsa, don haka matata a bakin tiyo dole ce. Kunna shi babu ruwa yana ƙona robobin ciki: a buɗe ruwa, a danna bindiga har iska ta gama fita, sannan a kunna. Barin injin fetur yana aiki ba a feshi fiye da minti biyu yana dafa ruwan da ke ciki. Bayan an kashe, a danna bindiga a sauke ƙarfin kafin a kwance tiyo. Injin fetur da gurup a fili suke zama, ba cikin zaure ko gareji ba, hayaƙinsu yana kisa ba tare da wari ba.

Na wuta kuma, a jona shi ta na'urar yanke wuta mai lamba 30 mA. Gidaje da yawa ba su da ita, don haka mai sana'a ya haɗa tasa a ɗan akwati ya riƙa yawo da ita. Yaron da ya yi karatun lantarki a cibiyar koyon sana'a ta CFM ko a makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa zai iya haɗa ta. Wayar ƙari ta zama mai kaurin 2.5 mm², a warware ta duka, mahaɗinta a rataye sama da ƙasa. Tsirarun wayoyi biyu da aka cusa a soket aka tokare da tsinke, ga ruwa a ƙasa, su ne hanyar lahira mafi kusa a wannan aiki.

Mataki na bakwai: hawa sama

Kafin a jingina tsani, a ɗaga kai a nemi wayoyin kamfanin wuta na Nigelec. Tsani, sandar buroshi da feshin ruwa duk su kasance aƙalla mita 3 daga waya. Inda wayar da ta shigo gida ta bi jikin bangon da za a wanke, kashe kwanta ba ya kashe ta, tunda kafin kwanta take. A bar wurin, ko a nemi ma'aikatan kamfanin. Abu na biyu kafin hawa, a aika a sanar da maƙwabta cewa za a hau bisa, don iyali su kimtsa. Yaron da ya hau yana leƙen gidan mutane ya kashe wa maigidansa kasuwa a unguwar.

Gindin tsani yana nisantar bango da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin da ya jingina: mita 4 sama, mita ɗaya ƙasa. Idan za a taka zuwa rufi, kansa ya wuce bakin rufin da mita ɗaya, a ɗaure shi. A ƙasa mai yashi a sa faffaɗan katako ƙarƙashin ƙafafunsa, mutum ɗaya ya tsaya ya riƙe. Tsanin katako a duba gara da kusoshin da suka saki. Ana hawa da hannu biyu, bokiti da igiya ake jawo shi. Cibiyar mutum kada ta fita daga tsakanin sandunan tsani. Abin da hannu bai kai ba, a sauko a matsar. Matakai uku na ƙarshe ba na tsayawa ba ne. Bindigar inji ba ta hawa tsani ko da wasa, domin turin da take yi idan an danna ya isa ya jefar da mutum baya.

Aikin da zai wuce rabin awa a sama, ko ya haura hawa ɗaya, na dandamalin ƙarfe ne: ƙafafu a kan katako, a ɗaure shi da gini, faffaɗan katakai a jere ba rata, da makari a tsayin mita ɗaya da wani a tsakiya. Tano biyu da katako a kai ba dandamali ba ne. A kan rufin tol ana taka layin kusoshi ne kawai, inda katako yake a ƙasa, ko a shimfiɗa falanki. Jiƙaƙƙen tol mai sabulu ba a hawansa. Ɗamarar kariya tana amfani ne idan an ɗaure igiyarta a ginshiƙi mai ƙarfi sama da kai, ba a tiyon ruwa ko ƙarfen eriya ba. Da damina, da zarar gabas ta haɗe iska ta fara tasowa, kowa ya sauko. A killace ƙasa da igiya saboda yara.

Zafi da agajin gaggawa

A bazara a fara da hasken asuba, a tsaya wajen ƙarfe 11, a koma bayan la'asar, ana shan kofin ruwa kowane minti 20 ko ba a jin ƙishi. Da azumi, aikin sama na safiya ne kawai. Jiri, ciwon kai ko ruɗewar magana alama ce ta a sauko da mutum inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. Idan ya fita hayyacinsa a kai shi asibiti nan take.

Magani a ido: a buɗe idon a kwarara ruwa minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a tafi likita da kwalbar maganin. Wanda ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko nono. Wanda ya shaƙi iska mai guba a fitar da shi fili ya zauna a miƙe. Wanda wuta ta kama, a kashe ta ko a ture wayar da busasshiyar sanda kafin a taɓa shi. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi a ɗora a babur. A kira ƴan kashe gobara a lamba 18. Raunin feshin inji kuwa yaudara gare shi: ɗan rami ne a waje, amma ruwan datti ya shige cikin nama, don haka asibiti ne a ranar ko da ba ya ciwo. Duk wani magani yana zama a mazubinsa na asali, kada a juye shi a gorar ruwan sha.

Kafin a yaye shi

A ba yaron gida guda ya jagoranta, maigidansa yana kallo bai ce komai ba. Ya auna bango, tsawo sau tsayi, ya cire ƙofofi da tagogi. Ya lissafa ruwa, omo, jabel, mai ko wuta, hayar dandamali, amalanken da zai ɗauko kaya da ladan mataimaka, sannan ya faɗi farashi, yana bambanta aikin ƙasa da na sama. Ya nuna inda ruwan wanki zai bi: ba cikin rijiya ba, ba gindin bishiya ba, ba ƙofar maƙwabci ba, kuma kada ya kwanta ya zama gidan sauro. Ruwan asid sai an kashe shi da kanwa kafin a sake shi. Masu koyar da yara da suka yi rajistar sana'arsu suna iya tuntuɓar asusun FAFPA, wanda aikinsa tallafa wa koyon sana'a ne, ko a samu a haɗa wa yaran horon agajin gaggawa da na lantarki. Idan fenti za a yi bayan wankin, yaron ya gaya wa mai fenti ya jira kwana biyu zuwa uku da rani, da damina kuwa har sai ledar da aka liƙa wa bangon ta kwana ba ta yi gumi ta ciki ba.